Giram Ɗari Tara

Shekara talatin da ɗaya Auta yana ɗinki, kuma a duk tsawon shekarun nan Yaya bai taɓa sa ko ɗan wando da ya fito daga kekensa ba. Ba wai bai san hanyar shagon ba. Ta ƙofarsa yake wucewa da yadinsa a hammata, ya ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda, ya tsallaka titi ya kai wa wani tela da ko hannun riga bai iya ɗorawa daidai ba. Auta yana hangensa ta taga. Yakan ci gaba da taka keke kamar bai gani ba, amma ranar duk wanda ya zo karɓar ɗinki sai ya sha faɗa ba gaira ba dalili.

Abin yana cinsa, kuma bai taɓa yi wa kansa ƙarya a kai ba. Ya ɗinka wa likitoci, ya ɗinka wa angwaye, akwai masu zuwa daga wani gari su yi wata guda suna jiran layi, amma mutumin da suka fito ciki ɗaya yana yi wa aikinsa kallon hadarin kaji. Shekararsa hamsin da biyu, gemu duk furfura, har yanzu Auta ake kiransa, kuma har yanzu burinsa bai wuce ya ga rigarsa a jikin Yaya ba, ko sau ɗaya.

Shi kuwa Yaya, a bayan idonsa Sikeli ake ce masa. Shekara talatin da biyar ya yi yana auna kaya a wani kamfanin jigila. Ya yi ritaya, amma sikelin bai yi ba. Yana da wani ɗan ƙarami mai ƙugiya da ba ya rabuwa da aljihunsa, ya auna sabulu, ya auna takalmi, an ce har jikarsa ya taɓa ratayawa a cikin zani. Da zaman gida ya ishe shi sai ya tsiri tafiyar ƙasa: hanyar tsaunuka ta kwana shida, daga wannan masauki zuwa wancan. Likita ya ce zuciyarsa ba ta son wasa, kada ya kuskura ya tafi shi kaɗai. 'Ya'yansa duk suka zame da dabara. Sai ga matarsa a shago.

"Auta, ka rufa min asiri ka bi shi," ta ce. "Ka san halin yayanka, in ya kafe babu mai tanƙwara shi."

"Shi ya aiko ki?"

"Ina fa. Cewa ya yi rage masa sauri za ka yi."

Auta ya ja tsaki, amma ya amsa. Ba don tausayi ba. Tana cikin magana wani tunani ya faɗo masa: mai hawa tsauni dole ya nemi rigar ruwa, kuma telan tsallaken titi ko a mafarki bai san yadda ake yinta ba.

Sati uku ya yi a kan riguna biyu. Ya samo yadi mai kauri da ruwa ba ya ratsawa, ya yi musu shafi mai ɗumi, ya bi kowane ɗinki da gam ta ciki don kada ruwa ya bi ramin allura. Tasa mai ruwan toka ce, ta Yaya shuɗiya mai duhu. Bai nemi tef ɗin awo ba. Shekara talatin yana auna kafaɗar nan ta taga, ya san faɗinta fiye da mai ita.

Ana gobe tafiya ya kai su falon Yaya. Ya tarar an baje kaya a ƙasa layi-layi, har buroshin goge baki an yanke masa rabin mariƙi don rage nauyi. Yaya bai ko warware rigar ba. Ƙugiya ya soka a wuyanta ya ɗaga, ya ƙanƙance ido.

"Giram ɗari tara."

"Yaya, ka gwada mana ka gani."

"In gwada me? Bargon doki?" Ya ɗauko wata 'yar rigar ruwa ta leda da aka naɗe kamar hankici. "Ka ga wannan? Giram tamanin. Ga waya ta ce kwana shidan nan rana ce fetal. Ka mayar shago ka rataya, wataƙila wani mai gadi ya taimaka maka ya saya."

Auta ya ji maganar har ƙashinsa. Ya ninke rigunan biyu ya tura su can ƙasan jakarsa, ya ce, "Ai bayana ne zai ɗauka, ba naka ba."

Kwana uku na farko rana ta gasa su, kuma Yaya bai bari an manta ba. Kowace safiya sai ya rataya jakunkuna a ƙugiya ya faɗi nauyi da ƙarfi don sauran matafiya su ji. Duk hawan da Auta ya tsaya shan iska, sai Yaya ya jira shi a sama, ya dogara da sanda, ya ce, "Sannu, mai shago a baya." Auta sai ya gyara jakarsa ya wuce. Da rana in sun shimfiɗa ɗan tamfol ɗinsu a inuwar dutse, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya yake cin burodinsa.

Masauki na uku bukkar katako ce a gindin babban tsaunin, da murhu a tsakiya da gadaje masu hawa biyu. Mai masaukin wani siririn mutum ne marar yawan magana. Da safe Auta ya sauka rafi ya ciko goruna, ya dawo ya tarar Yaya ya riga ya ɗaure jakunkuna biyun. Da ya goya tasa sai ya ji ta sakayau. Maimakon ya sha jinin jikinsa, sai ma ya ji daɗi, ya ɗauka bayansa ne ya fara sabawa. Mutumin da ke gane an ci masa rabin yadi daga ɗagawa kawai, ranar nan murna ta rufe masa ido.

Mai masauki ya raka su ƙofa, ya daɗe yana kallon saman tsaunin. Sama tas take, ko ɗigon gajimare babu.

"In kun ji iska ta ɗauke kafin tsakar rana, ku juyo," ya ce.

Yaya ya nuna masa waya. Mutumin ya kalli wayar, ya kalli Yaya, ya koma ciki.

Awa huɗu suna hawa. Bishiyoyi suka ƙare, ciyawa ta ƙare, sai tsuran duwatsu da 'yar siririyar hanya a doron tsauni, dama gangare hagu gangare. Can wajen sha ɗaya da rabi iskar da ke kaɗa musu riga tun safe ta ɗauke cak. Gumin bayan Auta ya yi sanyi. Da ya waiga sai ya ga wani baƙin hadari ya taso daga bayan tsaunin, yana cinye duwatsun da suka baro ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya, mu juya."

"Saura awa biyu mu sauka ɗaya gefen."

"Ka ji abin da mutumin nan ya ce."

"Shi ya ƙera sama? Kai dai tun kana yaro tsoro ne da kai. Tafi."

Ba su yi taku ɗari ba iska ta dawo, wannan karon da duka. Sai ƙanƙara, manya kamar maɓallan kwat, tana fasa musu kai da kunne, sannan ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Rana ta ɓace, hanya ta ɓace, tsawa ta fashe kusa har Auta ya ji ta a haƙoransa. Ya durƙusa ya zuge jaka, zuciyarsa na cewa yau dai ranarsa ta zo. Ya zura hannu har ƙasa. Bargo, safa, riga ɗaya ta canji. A inda ya ajiye rigunan, 'yar ledar nan ce mai kama da hankici.

Ya ɗago a hankali. Yaya yana kokawa da tasa ledar, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Ina rigunana?"

"Kilo ɗaya da ɗari takwas kake ja, kana ɓata mana lokaci."

"Ina suke, Yaya?"

"Bayan itacen murhu. In mun dawo wata shekara ka ɗauka."

Bai rufe baki ba iska ta shiga ledarsa ta hura ta, ta tsarge ta daga wuya har ƙasa, ta fizge ta ta yi sama da ita. Giram tamanin kenan. Yaya ya tsaya da 'yar rigarsa ta shan iska, ya jiƙe sharkaf, ya yi tsuru-tsuru.

Auta ya so ya bar shi a wurin, kuma ba da wasa ba. Ya tsani mutumin nan a lokacin fiye da duk abin da ya taɓa tsana. Amma wata walƙiya ta haske doron tsaunin, ya tuna su biyun ne mafi tsayi a kai, da sandunansu na ƙarfe. Ya fizge sandunan ya jefar gefe, ya damƙi hannun Yaya ya ja shi suka gangara ta ɓangaren da iska ba ta bugowa, suna zamewa suna tashi, har suka sami wani dutse da ya ɗan rankwafo. Ba kogo ba ne, amma ya tare musu rabin ruwan.

Nan ya ga abin da ya tsorata shi. Yaya yana karkarwa har haƙora na haɗuwa, leɓensa ya koma toka-toka, yana ƙoƙarin buɗe jaka yatsunsa sun ƙi kama zif. Auta ya tuɓe masa jiƙaƙƙiyar rigar ba tare da neman izini ba, ya sa masa busasshiya, ya naɗa masa barguna biyun, ya lulluɓa tamfol a kai.

"Riƙe nan."

Yaya ya riƙe, iska ta ƙwace. Ya sake riƙewa, ta sake ƙwacewa. Hannun ba ya da sauran ƙarfi, kuma ko da yana da shi, mutum ba ya sauka tsauni da hannu biyu a ƙirji. Zama kuwa a nan har ruwa ya tsaya, sanyi zai riga ruwan gamawa da shi.

Yaya ya auna jakunkuna kullum, amma bai taɓa auna Auta ba. A naɗin hularsa akwai basilla da zare mai ƙarfi, a wuyansa akwai ɗan almakashi a igiya, inda suke tun ranar da ya fara koyon sana'a. Ya ciro su. Sau bakwai yana neman kafar basillar da yatsun da ba ya ji, a na takwas zaren ya shiga.

"Miƙe tsaye. Ɗaga hannu."

"Me za ka..."

"Na ce ɗaga hannu."

Ya huda tamfol a tsakiya ya zura kan Yaya, ya yanko kusurwa ɗaya ya yi hula, ya fara ɗinke gefe daga hammata zuwa gwiwa, yana haɗawa da bargon don kada ya zame. Ruwa na bin ƙeyarsa, tasa ledar ta riga ta yage a kafaɗa. Idon Yaya ya fara lumshewa, kansa na rinjaya.

"Buɗe idonka," Auta ya ce, ya ja zare da ƙarfi. "Ba ka isa ka mutu ba sai ka ji ni. Ranar da na buɗe shago kowa ya zo, kai ka aiko a ce kana da aiki. Ranar auren 'yarka ni na ɗinka wa gidan kaf, kai kaɗai ka fito da rigar wancan makahon telan, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kana yawo kana washe baki. Me na yi maka? Don na ƙi karatu? Baba ma ya haƙura kafin ya rasu, kai wane ne?"

"Ka... matse min hammata."

"Haka za ka sa ta."

Ya ci gaba da zaginsa, ɗinki ɗaya zagi ɗaya, duk abin da ya haɗiye shekara talatin ya amayar da shi a kan dutsen nan. Da ya ga idon zai rufe sai ya ɗan taɓa shi da bakin basilla, kuma ba zai rantse cewa duk don ceton rai ya yi ba. Abin haushin, ko a wannan hali hannunsa ya ƙi yin aikin banza. Sai da ya kalmashe kowane gefe ta yadda ruwa zai gangara waje, ya ɓoye ɗinkin a ƙarƙashin ninki. Da ya ƙulle zaren ƙarshe ya ja baya ya duba. Ga Yaya tsaye cikin ɗinkinsa, karo na farko a duniya, kamar buhun gawayi mai ƙafafu.

Tsawa ta yi nisa, ruwa bai tsaya ba. Suka juya baya, don masaukin da suka baro shi ne hanyar da suka sani. Auta ya goya jaka ɗaya ya rungumi ɗaya, Yaya na dafe da kafaɗarsa. Duk inda suka tsaya sai ya tura masa sukari a baki ya ce ya tsotsa. A hankali karkarwar ta ragu, ƙafar Yaya ta fara taka ƙasa da kanta. Auta kuwa sanyi ya gama shiga ƙashinsa, haushi kaɗai ke tafiyar da shi.

Sun kusa kaiwa bishiyoyin farko sai ya hango wani abu shuɗi mai duhu yana hawowa cikin ruwa. Ya san kafaɗar nan, ya san yadda hular ta zauna. Rigarsa ce ke tafiya. Mai masauki ne a ciki, da igiya a kafaɗa da fulas ɗin shayi a hannu. Bai ce na gaya muku ba. Ya kama Yaya ta ɗaya gefen suka ƙarasa.

La'asar ta yi lokacin da suka shiga bukkar. Matafiya huɗu da ruwa ya tsare suna zaune gefen murhu, suka matsa aka zaunar da Yaya da buhunsa, aka ba shi kofi. Auta ya sauya kaya da na aro, ya zauna a bakin gado yana hura yatsunsa. Mai masauki ya cire rigar ya girgiza ta. Rigarsa ta ciki a bushe take ƙayau, ko a wuya babu danshi.

"Ku yi haƙuri na sa muku kaya," ya ce. "A bayan itace na gan su. Shekara goma sha tara ina kan dutsen nan, na kashe riguna sun fi goma, ban taɓa sa irin wannan ba. Awa uku a cikin ruwan nan." Ya juya cikinta yana bin ɗinkin da yatsa, matafiyan suka miƙo wuya. "Wannan ba aikin kamfani ba ne. Wa ya ɗinka ta?"

Auta ya daina hura yatsunsa. Ya kalli Yaya. Ya ji zuciyarsa na bugawa kamar ta yaron da ke jiran sakamakon jarrabawa, ya kuma ji kunyar kansa, amma ya jira. Kalma biyu ce: ƙanena ne.

Yaya ya kurɓi shayi. Jini ya dawo masa fuska, muryarsa ma ta dawo.

"Giram ɗari tara ce," ya ce. "Ban da ruwan da ta sha." Sannan ya juyo. "Kai Auta, zo ka cire min wannan buhun kafin wani ya ɗauke ni hoto."

Ɗaya daga cikin matafiyan ya yi 'yar dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya yi shiru.

Auta ya tashi. Ya farke gefe ɗaya a tsanake, ya zare Yaya daga ciki, ya rataya tamfol ɗin kusa da murhu. Abin da ya cika masa ƙirji shekara talatin ya neme shi ya rasa, kuma rashin bai yi masa daɗi ba.

"Ni na ɗinka," ya ce wa mai masauki. "Ka riƙe ta, taka ce."

"Haba, malam. Wannan ta fi ƙarfin kyauta. Ga shi ma kafaɗar ta yi min faɗi."

"Sa ta in gani."

Mutumin ya sa. Auta ya kama kafaɗar ya tattaro yadin da ya yi yawa, yatsa uku kowane gefe, ya yi alama da gawayin murhu. Ya karɓi rigar ya shimfiɗa a kan teburin cin abinci, ya ciro almakashi daga wuyansa.

Yaya ya kalli taga. Ruwa na zuba har yanzu, kuma ko gobe aka ce za a sauka gida, tafiyar yini ce cur. Rigar Auta mai ruwan toka ba za ta shige shi ba, ya sani.

"Dakata," ya ce. "Bar ta haka. Gobe zan sa."

Auta ya tsaya da almakashi a buɗe. Shekara talatin da ɗaya yana jiran wannan maganar, ga ta ta zo, a gaban shaidu biyar.

"Ta yi maka nauyi, Yaya," ya ce. "Ga buhunka can yana bushewa. Da safe zan mayar maka da ɗinkin."

Ya sa almakashi a kan alamar gawayin ya yanke kafaɗar dama, sannan ya juya rigar ya kama ta hagu.